Kirarin Baƙon Mai Tsaron Gida

Akwai wani mutum a wani gari, yana da ƙungiyar ƙwallon ƙafa, yana kuwa ƙaunarta kamar gonar gado. In ta yi nasara, har da maƙwabta sai sun ci nama. In aka ci ta kuwa, matarsa ta san ranar tuwo zai kwana a kwano.

Wata shekara ya ɗauko mai tsaron gida daga wata ƙasa mai nisa, dogo, baƙi wuluk, Hausarsa tana ɗingishi amma hannunsa ba ya ɗingishi. Ƙungiyar kuma tana da waɗansu samari magoya baya masu zama a bayan raga da ganga. Shugabansu Yunana ne, mai zaƙin murya, su ne ke yi wa kowane ɗan wasa kirari.

Wata Asabar ƙwallo ta kuɓuce wa baƙon ta shige raga. Nan take samarin suka juya gangar a kansa, suna ihu, "Gawayi! Gawayi!" suna kukan biri, har wani ya jefa masa ɓawon ayaba. Su ɗin ma fa, in ka jera su da shi a inuwa, ba za ka ce ga farin ba. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ran Litinin baƙon ya zo wurin mutumin da jakarsa a ɗaure, ya ce, "Maigida, an ci ni ƙwallo a garuruwa da yawa, ban gudu ba. Amma ba a taɓa mai da ni dabba ba. Asabar mai zuwa zan tsare maka gida, daga nan zan koma ƙasarmu."

Mutumin ya ji kunya ƙwarai, gama yana wurin aka yi abin, bai kuwa ce uffan ba. Ya roƙi gafarar baƙon a gaban dukan 'yan wasa, sa'an nan ya nemi shawara. Mai horar da 'yan wasa ya ce a kori samarin, kada su ƙara taka filin har abada. Mai gadin ƙofar fili kuwa ya ce, "Haba, ai yara ne, wasa suke yi." Mutumin ya juya maganganun nan biyu, babu wadda ta kwanta masa. In ya yi shiru, ya sa hannu a zagin ke nan. In kuma ya kore su, za su tafi da bakin nan nasu wani filin, ga shi hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Sai ya tambayi baƙon ko zai yarda samarin su zo ƙofarsa. Baƙon ya ce, "Su zo. Amma ban yi alkawarin komai ba."

Mutumin ya kira samarin, ya karɓe gangar ya rataye a zaurensa. Ya ce musu, "Abin da kuka yi mugunta ce, kada wani ya ce muku wasa ne. An rufe muku ƙofar fili. Ba za ta buɗe ba sai kun kawo mini kirarin mai tsaron gidanmu."

Yunana ya yi murmushi, ya ce, "Baba, in dai kirari ne, ai yanzu ma sai in yi."

"To, yi mu ji."

Yunana ya gyara murya, ya buɗe baki, sai ya tsaya. Ku ma kun sani, kirari ba ya yiwuwa sai da sunan mutum, da sunan wanda ya haife shi, da garinsu, da abin da ya taɓa yi. Ya waiga ga abokansa, kowa ya sunkuyar da kai. Wata biyar baƙon yana tsare musu gida, babu ko ɗaya da ya san sunansa.

Kwana biyu suna kewaye ƙofar baƙon kamar kaji sun ga shaho. A rana ta uku mutumin ya kora su gaba, ya zauna gefe yana ji. Baƙon ya ce sunansa Akol. Suka ce "Akwal," ya ce a sake. Suka ce "Akul," ya ce wannan ai gargaɗi ne, ba suna ba. Sai da suka faɗa sau bakwai, har shi kansa dariya ta ƙwace masa. Ya gaya musu ubansa makiyayi ne a bakin wani babban kogi, da kamun maruƙa ya koyi kama ƙwallo. Ya ce sunan uwarsa Ajok, kowace ranar wasa kuma yakan sa a riƙe mata waya ta ji hayaniyar fili.

Ya ce, "Ran Asabar ta tambaye ni, me suke rera maka haka? Na ce mata yabona kuke yi."

Yunana ya durƙusa, hawaye na zuba, ya ce, "Yaya, mun yi maka laifi, mun kuma sa ka yi wa Mama ƙarya. Ka gafarta mana." Sauran ma suka durƙusa, har da mai ɓawon ayaban, wanda ya tona kansa ba a tambaye shi ba.

Da Asabar ta zo, mutumin ya sauko da gangar da hannunsa. Kafin a busa usur samarin suka tsaya a tsakiyar fili suka nemi gafara a gaban jama'a, domin a gaban jama'a suka yi zagin. Sa'an nan Yunana ya ɗaga murya:

"Akol na Ajok, bijimin bakin kogi!
Ɗan makiyayi, ka kama maraƙi balle ƙwallo!
Katanga ba ƙofa, mai nema ya koma gida!"

Fili ya ɗauka baki ɗaya. Mutumin ya manta da girmansa, ya tattare babbar riga ya shiga rawa, hularsa ta faɗi bai ma sani ba. Ranar an ci Akol ƙwallo ɗaya, gangar kuwa ba ta fasa kiran sunansa ba. Da aka tashi, ana ta rera kirarin, Akol ya karɓi wayar ya ce, "Mama, yau ki ji da kyau." Da yamma ya kwance jakarsa, mutumin kuwa ya ci tuwo har da ƙari.

Ma'anar misalin nan ita ce, baƙon shi ne duk wanda launinsa ko harshensa ya bambanta da namu, Allah kuwa cikin siffarsa ya yi shi, kamar yadda ya yi mu. Mutumin shi ne kowane mai riƙe da jama'a, ko ƙungiya, ko gida, ko ikkilisiya: kada ya kau da kai ga zagi, kada kuma ya yar da yaro mai laifi. Ya fara tsayawa wa wanda aka cuta, ya hori mai cutar, ya bar masa hanyar tuba. Samarin kuwa mu ne, 'yan'uwa, da bakin da muke waƙar yabo ran Lahadi, da shi muke laƙaba wa mutane sunayen banza ran Litinin. Akwai wani a ajinku ko a unguwarku da kuke kira da launinsa ko ƙabilarsa. A makon nan ka je ka gaishe shi, ka tambaye shi sunan da uwarsa ta raɗa masa.