Gizo da 'Ya'yan Rumana

"Ku matso kan tabarma. To, ga ta nan, ga ta nanku, jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

A zamanin da, tun fadamar bayan garin nan ba ta ƙafewa, rumana ta cika ta. Ke Azumi, jan furen nan mai dogon kara da kika tumɓuko mini ɗazu har da gindinsa, shi nake nufi. In damina ta yi tsakiya, sai fadama ta yi jawur tun daga giginyu har bakin rafi. Ni ma na riski ragowarta. Muna 'yan mata mukan soka furen a kitso mu tafi dandali muna yanga. Allah sarki, ina kewar lokacin nan.

Gauraka ce ke riƙe da fadamar, dokarta kuwa ɗaya ce. Ba a tonon rumana sai furenta ya bushe. In ka tono, ka ɗauki uwar, ƙananan 'ya'yan da ke manne da ita ka mayar rami, ka taka da diddige. Uwar ake jiƙa wa yaro mai ciwon ciki, shi ya sa kowa ke kiyayewa.

Sai Gizo, kun san halinsa. Ya ce wa matarsa Ƙoƙi, "In na kwashe yumana duka, kowa shai ya zo ya duyƙusa mini."

Ƙoƙi ta ce, "Maigida, kwaɗayi mabuɗin wahala."

Ya ce, "Yi mini shiyu!"

Ya saɓi fartanya da buhu, ya yi ta tono, uwa da 'ya'ya duk cikin buhu. Kwaɗo ya leƙo ya ce, "Gizo, 'ya'yan fa?"

Ya ce, "Gobe zan mayay."

Kashegari Zalɓe ya ce, "Gizo, 'ya'yan fa?"

Ya ce, "Jibi zan mayay."

Rana ta uku Gauraka da kanta ta sauko. Munafukin sai ya bi ramukan nan da ba komai a ciki yana takawa, ya ɗaga ƙafa ya ce, "Yanki ya daɗe, dubi diddigena, duk laka!" Gauraka ta yarda ta tashi.

Ya jibge rumana a rumbu da danshinta, ya liƙe. Kafin rani ya raba, duk ta ruɓe, wari har maƙwabta. Damina ta dawo, fadama ta yi kore shar, amma ko ɗigon ja babu. Ana nan sai 'yar Gizo tilo ta kwanta ciwon ciki, ko kunu ba ya zama.

Gizo ya ruga wurin Zalɓe. Zalɓe ya ce, "Sai jibi." Ya ruga wurin Kwaɗo. Kwaɗo ya ce, "Sai gobe." Ya faɗi gaban Gauraka, ta ce, "Je ka tone ramukan da ka taka." Ya yi ta tono har faratansa suka kakkarye, bai samu komai ba. Ya zauna a laka ya fashe da kuka, wannan karon ba na ƙarya ba.

Kwaɗo ya ji tausayi. Ashe tun ranar farko ya ɓoye ƙwaya ɗaya a kumatunsa, ya binne a cikin ciyawar kacala. Ya kai Gizo wurin, ga ta nan ta tsiro, kara ɗaya tal, furenta a buɗe.

Gizo ya ɗaga fartanya. Gauraka ta ce, "Furen bai bushe ba, 'ya'yan ba su ƙosa ba. In ka sara yau, rumana ta ƙare a duniya."

"To Kaka, ya sara?"

Bari mana, Tanimu, sarkin gaggawa! Gizo ya dubi furen, ya dubi hanyar gida, ya ajiye fartanya. Kwana bakwai yana gadi, ya kori akuya, ya kori fara, Ƙoƙi na can tana ɗiga wa yarinya ruwa a baki. Ran da furen ya bushe, da yatsu ya tona. Ya ɗauki uwar, ya mayar da 'ya'ya uku, ya taka a hankali. Yarinya ta sha ta miƙe. Amma fadama ba ta sake yin ja irin na da ba.

Abin da za ku riƙe shi ne, wanda ya ci uwa ya haɗa da 'ya'ya, bakin nasa 'ya'yan ya toshe.

Yanzu ku dubi fadamarmu, rabi shinkafa, rabi ramukan masu bulo. Bara karan rumana biyar na ƙirga, bana uku, ɗaya kuma ga shi a hannuna. A'a, Azumi, share hawayenki, ai ba wanda ya gaya miki. Da sassafe za mu je mu mayar da shi raminsa, ko Allah zai sa ya kama. Uwata ce ta nuna mini yadda ake takawa, gobe ni zan riƙe miki ƙafa.

Kungurus kan ɗan kusu. Ba don Gizo ba da kun ce ƙarya na shara muku.