Mu Haɗu a Ranar Shari'a

An yi wani kafinta, dattijo a majami'arsu, mutum mai riƙon amana wanda ba a taɓa jin ya cuci kowa a aiki ba. Idan ya yi maka ƙofa, sai dai gidan ya rushe ya bar ta a tsaye. Amma yana da hali ɗaya da ya rage wa sauran halayensa daraja. Ba ya haƙuri da mutane, kuma a can cikin ransa bai ji daɗin yadda Allah yake haƙuri da su ba.

Maganar ƙarshen duniya ita ce abin da ya fi so. Idan ya ji labarin yaƙi ko girgizar ƙasa a rediyon da ke rataye a shagonsa, sai ya ajiye zarto ya ce alamu sun cika, saura kaɗan. Idan aka ba shi addu'a a sujada, ba ya rufewa sai ya roƙi Ubangiji ya dawo da wuri ya raba tumaki da awaki. Wannan roƙo ba laifi ba ne, masu bi sun daɗe suna yin sa. Sai dai shi ba marmarin ganin Ubangiji ne ya fi damunsa ba, so yake ya ga an hukunta waɗanda ya riga ya hukunta a zuciyarsa. Na farko a cikinsu kuwa ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Wannan ƙane shi ne autan gidansu, kuma kowa Auta yake ce masa har ya yi furfura a gemu. Iyayensu sun rasu yana ƙarami, kafintan ne ya raine shi, ya sa shi makaranta, ya yi ƙoƙarin koya masa sana'a. Auta ya ƙi zaman shago, ya bi manyan motoci har ya zama direban tirela. A hanya ya koyi shan giya, ya bar zuwa sujada, ya kuma koyi yi wa yayansa ba'a. Duk lokacin da ya zo gida ya tarar ana maganar zuwan Almasihu, sai ya yi dariya ya ce shekara dubu biyu ana jiran baƙo ɗaya, ko dai motarsa ce ta lalace a hanya.

Abin da ya raba su ya faru ranar auren babbar 'yar kafintan. Auta ya zo a buge, ya ture teburin abinci, ya karɓe abin magana daga hannun fasto yana tambayar jama'a wane ne ya taɓa ganin Allah da idonsa. Amarya ta yi ta kuka, dangin ango suka sunkuyar da kai. Kafintan ya kama wuyan rigar ƙanensa ya ja shi har bakin titi, ya ce masa a gaban mutane:

"Daga yau ba ni da ƙane. Kada ka sake taka ƙofar gidana. Mu haɗu a ranar shari'a."

Bayan kwana biyu Auta ya dawo idonsa garau don ya ba da haƙuri, aka ce masa maigida ya ce ba ya nan. Ya sake zuwa sau biyu, daga nan bai ƙara ba. Matar kafintan ta yi ta roƙon mijinta, tana ce masa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce, ya gama nasa, saura na Allah. Haka aka yi shekara huɗu ba a ambaton sunan Auta a gidan, sai dai matar takan kira shi a waya a ɓoye ta ji lafiyarsa.

Wata rana da hantsi, kafintan yana goge ƙafar wani tebur, sai ga wani direba abokin aikin Auta ya tsaya a bakin shago, ya cire hula ya riƙe a hannu. Bayan gaisuwa ya ce irin wannan magana ba a faɗinta a waya, shi ya sa ya zo da kansa. Da asuba tayar motar Auta ta fashe a gangaren wata gada, motar ta kife. Shi yana biye a baya, ya tsaya, ya ga an zaro Auta ba ya motsi, an shimfiɗe shi a bakin hanya an lulluɓe shi da zane. An ce za a kai shi babban asibitin garin da ke kusa da wurin, tafiyar awa uku daga nan. Ya ba da shawara a tafi da akwati, don a yi tafiya ɗaya a dawo da shi.

Kafintan bai yi kuka ba. Ya shiga bayan shago inda yake ajiye akwatunan gawa guda uku da ya yi saboda masu buƙatar gaggawa. Ya ɗauko abin awo, sai ya ga ba ya buƙatarsa, don ya san tsawon ƙanensa da ka. Shi ya yi masa gadonsa na farko, shi ya ƙara wa gadon tsawo da yaron ya girma. Ya ɗora hannu a kan akwatin tsakiya, sa'an nan ya zauna a cikin dusar katako.

Matarsa ce ta kira fasto, ta kuma nemo motar a-kori-kura. Aka ɗora akwatin a baya aka ɗaure da igiya. Kafintan da faston suka matsu a gaba kusa da mai motar, matar ta tsaya a gida don karɓar masu zuwa gaisuwa.

Suka kama hanya. Duk ramin da motar ta faɗa, sai akwatin ya buga ƙarfe a baya, kafintan ya runtse ido. Abu ɗaya ne yake yawo a kansa. Shekara huɗu yana roƙon ranar shari'a ta zo, ga shi ta zo wa mutum ɗaya, kuma babu ko ɗigon daɗi a ciki. Can ya buɗe baki ya tambayi faston, da muryar da shi kansa bai gane ba, ina ƙanensa yake yanzu.

Faston tsoho ne, ya san gidan tun iyayensu suna da rai. Ya ce wannan ba shi da ikon faɗa, kafintan ma ba shi da shi, don ba a ba ɗayansu kujerar shari'a ba. Babu wanda ya san abin da ya wuce tsakanin mutum da Mahaliccinsa a numfashin ƙarshe. Sa'an nan ya ƙara da cewa:

"Dattijo, bari in tambaye ka abin da na daɗe ina so in tambaya. Kana da shekara nawa ka tuba?"

"Talatin da takwas."

"To, da Ubangiji ya dawo kana da talatin da bakwai, ina zai same ka? Na tuna inda kake kwana a lokacin, kai ma ka tuna. Akwai masu roƙo a wancan zamani ya dawo da wuri, bai amsa musu ba, ya jira ka. Kai kuma da ka shiga, sai ka juya kana cewa a rufe ƙofa."

Ya ci gaba da bayyana masa a hankali cewa ranar tana zuwa, babu makawa, kuma babu wanda ya san sa'arta. Abin da mutane suke gani kamar jinkiri, haƙuri ne, don Allah ba ya jin daɗin hallakar kowa, so yake kowa ya sami zarafin juyowa. Kafintan ya san wannan koyarwa, ya sha jin ta, har ya taɓa koyar da ita a ajin masu shirin baftisma. Amma sai a cikin motar nan ta shiga kunnensa. Ya rufe fuska da tafin hannu ya yi kuka irin na yara. Ya ce sau uku yaron nan ya zo ƙofarsa, sau uku ya sa aka ce ba ya nan. Da Allah zai ba shi ko minti biyar, da ya buɗe. Mai motar ya rage gudu, ya kau da kai yana kallon hanya.

Da suka isa asibiti, suka nufi ɗakin ajiye gawa kai tsaye. Ma'aikacin wurin ya duba littafinsa sama da ƙasa, ya ce tun jiya ba a kawo masa kowa ba. Kafintan ya fusata ya ce a sake dubawa, mutum ya gani da idonsa. Ma'aikacin ya ce shi dai matattu yake karɓa, su gwada sashen masu haɗari.

A can wata nas ta saurari bayaninsu, ta ce ai direban tirela yana gado na shida. Mutanen da suka ɗauko shi sun ɗauka ya mutu, suna sauke shi daga mota sai ya yi tari. Suma ya yi. Ƙafarsa ta karye a wuri biyu, haƙarƙari uku sun tsage, an ɗinke masa goshi, amma likita ya ce zai tashi.

Kafintan ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ƙirji. Ya bi nas ɗin yana tafiya kamar mai koyon tafiya, har suka isa gadon. Ga Auta kwance, kai a naɗe, ƙafa a rataye, ido ɗaya a kumbure, ɗayan a buɗe yana kallonsa. Ya durƙusa a gefen gadon, ya kama hannun ƙanensa, abin da ya iya cewa kawai shi ne Auta ya yafe masa.

"Yaya, ni ne mai laifi," in ji Auta da ƙyar. "Wa ya gaya maka ina nan?"

Kafin ya amsa, mai motar ya leƙo yana tambaya ko a sauke akwatin ko a bar shi a mota, don rana tana dukansa. Auta ya juya ido ya kalli yayansa, ya kalli faston da ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

"Akwati ka kawo mini?"

"An ce ka mutu."

"Yaya, ko a nan ma sai da ka yi gaggawa? Ka bari in mutu tukuna mana."

Ya fara dariya, haƙarƙarinsa suka hana shi, ya koma nishi. Kafintan yana dariya yana hawaye, har nas ta zo ta ce su yi a hankali akwai marasa lafiya. Faston ya fita ya kira gida. Aka ce matar kafintan ta saki wayar ta durƙusa a tsakar gida, matan da suka zo makoki suka juya suna waƙar godiya. Direban da ya kawo labari ya yi mako guda yana jin kunyar bi ta ƙofar shagon, sai da kafintan ya je da kansa ya gode masa.

Bayan mako uku aka sallami Auta, yayansa ya kawo shi gidansa, ya ba shi ɗakin da ke kusa da nasa. Kada mai karatu ya ɗauka Auta ya tashi daga gadon asibiti ya zama wani mutum dabam. Bakinsa yana nan yadda yake. Idan iyali suka taru addu'ar safe, shi yana ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Da ya fara takawa da sanda, sau biyu ya dawo gida yana warin giya. A karo na biyu tsohon halin kafintan ya taso masa har wuya, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya juya ya tafi shago ya yi ta buga ƙusa har zuciyarsa ta sauka. Da ya dawo ya tarar ƙanensa yana barci a kujera, ya gyara masa ƙafar da ta karye a kan matashi.

Addu'arsa ma ta sauya. Bai daina marmarin zuwan Ubangiji ba, amma yanzu yakan fara da godiya saboda an ƙara wa duniya kwana ɗaya. Mutanen majami'a suka lura ya rage lissafa masu zunubi, ya ƙara ziyartar su.

A wata na bakwai da zuwan Auta gidan, wata safiya suna shirin addu'a, sai suka ji ƙarar sanda a kan siminti. Auta ya fito ya zauna a ƙarshen benci, bai kalli kowa ba. Da aka gama, yara suka tashi shirin makaranta, shi bai tashi ba. Ya ce yana da tambayoyi da yawa, wasunsu ma yayansa ba zai ji daɗinsu ba, kuma bai yi alkawarin zai yarda da amsar a rana ɗaya ba. Kafintan ya duba agogo, akwai mai jiran ƙofofi shida a shago. Ya cire takalmin aikin da ya riga ya sa, ya jawo kujera kusa da ƙanensa, ya ce masa ya fara da wadda ta fi wuya.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ranar shari'a gaskiya ce kuma tana zuwa, amma shari'ar ta Allah ce, ba a ba wani ɗan Adam ita ba. Idan ka ga mai zunubi yana yawo lafiya, kada ka ce Allah ya manta ko ya makara. Haƙurin da yake yi da shi, shi ne wanda ya yi da kai kafin ka juyo. Saboda haka kada ka yanke wa kowa ƙauna muddin yana numfashi, kada kuma ka jinkirta sulhu da ɗan'uwanka, don ba kowa ne yake zuwa asibiti ya tarar da nasa a raye ba. Wanda kuma ake haƙuri da shi, kada ya mai da haƙurin abin wasa. Kowace safiya da ka farka dama ce aka ƙara maka, kuma ba a gaya wa kowa wadda za ta zama ta ƙarshe ba.