Katin da Ya Mutu Cikin Takaba

Akwai wani ɗan kasuwa a Gusau da ake kira Alhaji Lawwali. Yana da babban kanti na kayan gida: kekunan ɗinki, katifu, kuloli, fankoki, duk abin da mace za ta gani ta ƙyasa. Mutum ne mai fara'a, amma irin fara'ar nan da ke ƙarewa da zarar kuɗinka sun shiga aljihunsa.

Wata shekara ya je sarin kaya, ya dawo da sabon salo, wai shi katin kyauta. Za ka biya kuɗi a kanti, a ba ka ɗan kati, ka kai wa wanda kake so ka yi wa alheri. Shi kuma ya zo da kansa ya zaɓi kayan da suka yi daidai da kuɗin.

Abin ya karɓu. Masu zuwa biki suka huta da yawon neman gudummawa, samari suka samu abin burge 'yan mata.

Sai dai a bayan katin akwai wani layi da Turanci, rubutu ƙanana kamar sawun kiyashi. Layin ya ce bayan wata uku katin ya mutu. A nan ribar Alhaji ta gaskiya take. Wani ya manta, wani ya yi tafiya, wani ya kwanta ciwo, kuɗin kuma su zauna a kanti ba tare da ko allura ta fita ba.

Ƙanensa Anas, wanda ke aikin gwamnati, ya taɓa juya katin ya karanta, ya girgiza kai.

"Yaya, wanga abu ba shi da kyau. Akwai dokar kare haƙƙin mai saye. Ba a yarda ka ɓoye ma mutum sharaɗin da za shi cutar da shi ba, sai ka hwaɗa mai ya ji da kunne nai. In wani ya kai ƙara hukuma, kunya za ka sha."

Alhaji ya yi dariya. "Wa za shi kai ƙara? Mutanen da ko sunan hukumar ba su sani ba? Kai dai tsaya ga ofis ɗinka."

Bayan kaka, wani manomi daga Nahuce ta ƙasar Bungudu ya shigo kantin. Sunansa Shu'aibu. Ya sayar da waken suyarsa, ya ƙulle kuɗin a leda. Da ya ga ƙasan kantin yana ƙyalli, sai ya tuɓe takalmansa na roba a bakin ƙofa kamar mai shiga masallaci, ya shigo da sallama.

"Alhaji, keken ɗinki nika son saya ma iyalina. Amma ni ban san na ƙwarai ba, ita ta iya ɗinki tun tana gidansu. An ce kuna da wata takarda da mutum ka biya, mai ita ta zaka ta zaɓa da kanta."

"Akwai, Malam."

Shu'aibu ya biya. Ya riƙe katin da hannu biyu, ya juya shi, ya dubi rubutun bayan. Shi ajami ya sani, boko kam sai dai kallo.

"Ko yaushe taz zaka za a ba ta?"

"Ko yaushe," in ji Alhaji. "Kantin ga ai naku na."

Jama'a, da bakinsa ya faɗi haka, yana murmushi, yana kuma sane da abin da ke rubuce.

Shu'aibu ya tsaya gaban wani baƙin keke, ya murza ƙafar keken da hannu, ya ji yadda yake kaɗawa, ya yi dariya kamar yaro. Sannan ya sa takalmansa ya tafi.

Ya kai wa matarsa Hafiza katin, suka yi shawarar za su shiga Gusau tare idan ya gama shigar da dawa rumbu. Ba su je ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin sati ya zagayo Allah ya karɓi abinsa. Ya bar ta da yara biyu, Umar da ƙanwarsa Halima wadda ba a daɗe da yaye ta ba.

Hafiza ta shiga takaba. Kowa ya san hukuncin: wata huɗu da kwana goma, ba kwalliya, ba fita sai da lalura. Katin yana ƙarƙashin adakarta. Idan kewa ta dame ta takan ɗauko shi ta riƙe, don shi ne abu na ƙarshe da mijinta ya miƙa mata da hannunsa.

'Yan'uwan marigayin suka zauna a kan maganar yara. Su ma ba wani ƙarfi gare su ba. Suka ce idan tana da sana'ar da za ta riƙe su, a bar mata su. Idan babu, a raba su gidajen dangi.

Ta ce tana da keke a Gusau, a jira ta fita takaba.

Da ta fita, ta yi wanka, ta shiga mota ta zo kantin. Ta gaishe da Alhaji, ta miƙa katin. Ya juya bayan katin, ya duba ranar da aka rubuta, ya ajiye shi a kan tebur.

"Baiwar Allah, wanga kati ya mutu. Wata ukku a wa'adi nai."

Ba ta gane ba da farko. Ta ce ai an biya kuɗin.

"An biya. Amma kin makara."

"Alhaji, takaba nika yi. Wanda yas sai katin, mijina, shi na yar rasu. Ƙaƙa za ni hito?"

Wata mata da ke taya kuloli ta ajiye ta juyo.

"Allah shi jiƙan shi," in ji Alhaji. "Amma ƙa'ida ƙa'ida ta. Kwamfuta ba ta san takaba ba."

Wace kwamfuta? Wallahi babu wata na'ura da ta hana shi. Keken yana nan a kusurwa, taku kaɗan daga inda take tsaye. Zuciyarsa ce kawai ta ƙi.

Hafiza ta roƙe shi. Ta gaya masa maganar yaran, ta ce da keken nan ne kaɗai za a bar mata su. Ya ce idan ya ɗaga mata, gobe kowa zai zo da nasa labarin. Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ɗauki katinta, ta ƙulle a gefen mayafi, ta fita.

A ranar Alhaji ya ci abincinsa lafiya lau.

Bayan 'yan kwanaki abin ya fara. Da rana ne, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da kasuwa ke lafawa saboda zafi. Yana zaune shi kaɗai sai ya ji ƙarar keken ɗinki, a hankali, kamar ana murza shi da hannu. Ya leƙa kusurwar kekuna. Duk suna rufe da leda, babu wanda ya motsa.

Ya ce teloli ne a layin baya. Ya zagaya ya duba, ya tarar babu tela ko ɗaya a layin, masu sayar da fenti ne.

Washegari ƙarar ta dawo a daidai wannan lokaci. Ya tambayi masu tsaron kanti ko sun ji, suka dubi juna suka ce ba su ji komai ba.

Ya sa aka sayar da baƙin keken da araha don ya rabu da shi. Ƙarar ba ta bi keken ba, ta zauna.

Sannan sai takalma. Yakan ɗaga kai ya ga takalman roba guda biyu a bakin ƙofa, an jera su da kyau, da busasshiyar ƙasar gona a jikinsu. Ya duba cikin kantin, kowa da takalmansa a ƙafa. Ya sake duban ƙofa, babu komai.

Mutumin da ba ya manta farashin cokali sai ga shi yana ba da canji sau biyu. Ya rame, kwalar rigarsa ta yi masa yawa. Ya je asibiti aka ce hawan jini ne, aka ba shi ƙwayoyi. Ya ce a'a, sammu ne na abokan kasuwa, ya sha rubutu, ya yi turare har kantin ya koma ƙamshin hayaƙi. Duk a banza. Abin da ya fi damunsa shi ne, duk lokacin da ƙarar ta tsaya, sai ya ji tambayar nan a kunnensa, da murya mai ladabi, ba faɗa ba zagi: ko yaushe taz zaka za a ba ta?

Da zagi ne da ya fi masa sauƙi.

Haka ya yi ta fama har damina ta wuce, aka sake shiga kaka. Ran nan Anas ya zo ya same shi zaune a waje cikin rana, ya ƙi shiga kantinsa. Ya matsa masa da tambaya, har Alhaji ya kwashe labarin duka ya gaya masa.

Anas ya ce, "Yaya, ba sammu ba na. Kowa ya ci ladan kuturu, dole shi yi mai aski. Da hukuma ta kama ka, da tara za ka biya ka huta. Wanga da ka zalunta ba shi da inda za shi kai ƙara sai wuri guda."

Da safe suka ɗora sabon keke a bayan mota, mafi tsada a kantin, suka nufi Nahuce. Suka yi tambaya har aka kai su gidan marigayin. Yayansa, Malam Jibo, ya fito ya saurare su, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

"Kun makara," ya ce. "Da tad dawo hannu biyu, mun raba ɗiyan. Umar na Kwatarkwashi wurin ƙanena. Yarinyar, gwaggonta ta ɗauke ta. Ita ko Hafiza ta koma gidansu 'Yandoto."

Alhaji da Anas suka koma mota. Suka juyo, suka ratsa Gusau ba su tsaya ba, suka miƙe hanyar Tsafe.

A 'Yandoto suka sami gidan. Aka yi musu iso, Hafiza ta fito zaure da dussa a hannunta, surfe take yi wa mutane ana biyanta. Ta gane shi nan take. Ta gaishe shi yadda ake gaishe da babba, ta tsaya daga gefe.

Aka sauke keken. Alhaji ya fara magana irin tasa ta 'yan kasuwa, cewa ya ga ya dace ya taimaka mata.

"Taimako?" ta ce a hankali. "Alhaji, abin da mijina yab biya na."

Ya sunkuyar da kai. "Gaskiya ta. Naki na. Na zaka ki gahwarta mani."

Ta dubi keken, ta daɗe tana kallonsa, ba ta taɓa shi ba.

"Kwanan baya na tahi ganin Halima," ta ce. "Na miƙa mata hannu, sai ta ruga ta ɓoye bayan gwaggonta. Ita taka kira Inna yanzu. Ni baƙuwa ta."

Anas ya juya fuska ya goge ido. Alhaji ya ce zai biya kuɗin makarantarsu, zai je ya roƙi dangin a dawo mata da su, zai yi duk abin da ta ce.

"Ka yi in ka iya, Allah shi ba ka lada. Ni nawa na yahe, don ina son Allah shi yahe mani." Ta numfasa. "Amma ba ni ka yi ma alkawali ba. Shi ka duba cikin ido ka ce mai ko yaushe. Ya tahi kabari yana zaton ya bar mani abin riƙon ɗiyanmu. Wannan ban da ikon yahe shi, nashi na. Sai kun gamu."

Ta ɗaga labule ta koma cikin gida.

Alhaji ya koma Gusau ya sa aka goge layin nan daga bayan katunansa. Ya ba da sanarwa a rediyo cewa duk mai tsohon kati ya zo ya karɓi kayansa, komai daɗewarsa. Mutane kaɗan ne suka zo. Sauran ba wanda ya san inda suke, ko suna raye ko sun mutu, ko me ya hana su zuwa tun farko. Kuɗinsu na cikin dukiyarsa, ya ci, ya ciyar da iyalinsa, har ya yi sadaka da su. Bai san fuskokinsu ba, balle ya nemi gafararsu.

Darasi: Wa'adin da ka rubuta a bayan kati ba ya kashe haƙƙin wanda ya biya. Ɗan kasuwa, ka faɗi sharaɗinka a fili da harshen da mai saye yake ji, kuma ka tuna akwai uzurin da ya fi ƙarfin ƙa'idarka. Mai saye, kafin ka miƙa kuɗi ka sa a karanta maka abin da ke rubuce, idan an zalunce ka kuma ka kai kukanka hukumar kare haƙƙin masu sayayya. Haƙƙin rayayye ana iya mayar masa, na mamaci kuwa sai an haɗu a gaban Allah. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu kantuna, ko wani zai gyara tun masu haƙƙin suna da rai.