Littafin Da Ke Riga Kowa Zuwa Aji

Akwai wani malamin lissafi a wata makarantar sakandare da ɗalibai ke kira Malam Ba-Uzuri a bayan idonsa. Kalmar bakinsa ce ta bi shi. Ko da me ka zo masa, amsar ɗaya ce: "Ba uzuri!"

A ajin ƙarshe da yake riƙe da shi akwai wata yarinya mai ciwon sikila. In ciwon ya tashi sai ta ji kamar ana sara mata ƙasusuwa, ta yi mako biyu ba a ga ƙeyarta ba. Har 'yan aji suka laƙaba mata suna Baƙuwa. Kujerarta na can baya, jikin taga.

Dokar makarantar kuwa, wanda fashinsa ya yi yawa a rajista ba zai zauna jarrabawar fita ba, sai in malamin aji ya sa hannu. Layin Baƙuwa ya yi ja wur da jan biro.

"Ba zan sa ba," Malam ya ce wa shugaban makaranta. "Ciwon da ba jini, ba rauni? Na san irinsu, lalaci ne."

To jama'a, daga nan abin ya soma.

Ranar Litinin ya buɗe aji da makullinsa, kamar kullum shi ne na farko. Sai ga littafi a kan teburin Baƙuwa. Aikin gidan da ya bayar ranar Juma'a ne, an yi shi tsaf. Rubutun na rawa, wani wurin ma biro ya huda takarda.

Yarinyar kuwa kwananta tara a gadon asibiti. Kuma da ya ɗauki littafin, sai ya ji shi da ɗumi.

Ya tsare 'yan aji da tambaya, kowa ya rantse bai san komai ba. Talata ga littafi. Laraba ga littafi, an kuma ɗan ja kujerar baya, kamar yanzu wani ya tashi daga kai.

Malam ya san kujerar nan. Shekara tara da suka wuce wani siririn yaro mai idanu rawaya ne ke zama a kai. Wata rana ya kifa kai a tebur yana nishi, Malam ya ce ƙarya yake, ya tsayar da shi waje cikin ruwan sama. Yaron bai sake dawowa ba. Shi ma Malam bai taɓa tambaya ba.

Ranar Alhamis ya yi sammako, ya kulle ajin ta ciki, ya laɓe bayan kabad. Can ya ji takun silifa, ana ja a hankali. Makulli ya juya.

Inna mai shara ce.

Ta zaro littafin daga ƙirjinta, cikin mayafi, ta ajiye. Ta ja kujerar, ta goge ta da bakin zanenta, ta tsaya tana kallonta.

"Inna! Ke ce?"

Ko razana ba ta yi ba. "Ni ce, Malam. Kafin in goge allo da yamma nake kwafe mata, in kai asibiti, da safe in karɓo."

"Ashe kin iya karatu?"

"Ina fa! Zanawa nake, yadda na gani."

Ta miƙa masa wata takarda. Lambobinsa ne, a karkace, har da wurin da ya yi kuskure ya soke. Shi ma ta zana shi.

"'Yarki ce?"

"Ban haɗa komai da ita ba. Nawa ɗan, shi ma mai sikila, a kujerar nan ya zauna. Ranar da aka tsayar da shi a ruwa, sanyi ya shige shi. Kwana huɗu ya yi." Ta gyara mayafi. "Har ya cika yana cewa, Inna, ki je ki gaya wa Malam ba ƙarya nake ba. Shi ya sa na nemi aiki a nan. Shekara tara ina share maka aji, bakina ya kasa. Yau dai na isar da saƙo."

Malam ya zube a ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro.

A ranar ya sa hannu. Shi da kansa ya riƙa kai darasi asibiti. Ya roƙa aka ba Baƙuwa ƙarin lokaci, ta rubuta jarrabawa da matashin kai a bayanta da gorar ruwan ɗumi a cinya, ta kuma ci.

Da sakamako ya fito, ya kai wa Inna tana tsaka da shara. Ta juya takardar sama da ƙasa, ta ce, "Karanta mini, Malam. Nawa ma lissafi ya fi so."

Darasi: Ba kowane ciwo ido ke gani ba. In yaro ya ce yana jin ciwo, ka yarda da shi, ka sauƙaƙa masa hanyar karatu tun yana raye. Ku tura wa malamai da iyaye, wataƙila akwai irin wannan kujera a ajinsu.