Likitan da Ya Sayo wa Mahaifinsa Takalmi

Akwai wani manomi mai ɗa guda, ɗan kuwa ya yi karatu har ya zama likita. Da lokaci ya yi da zai ƙware a kan ciwon ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, sai asibitoci biyu suka ce ya zo.

Na fari yana babban birni, ga benaye, ga na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki. Na biyu ƙarami ne, wani tsohon likita ne yake koyarwa a can. Da saurayin ya je dubawa, ya tarar da tsohon a durƙushe yana jujjuya takalmin wani majinyaci.

Tsohon ya ce masa, "Ɗana, a nan da kallon tafiyar mutane za ka fara. Ƙafar da jijiyarta ta soma mutuwa jan ƙasa take yi, takalmi kuwa ba ya rufa mata asiri."

Saurayin ya ce a ransa, "Ban sha wuyar karatu domin in zama baduku ba." Ya tafi birni. A can ya iya karanta hoto sarai, amma bai koyi duban mai hoton ba.

Da ya zo gida Kirsimeti, ya ga takalman mahaifinsa a bakin ƙofa: na hagu ya cinye ta baki, na dama kuwa lafiya lau. Ya ce, "Haba Baba, uban likita da wannan takalmi?" Ya sayo masa sabo. Shekara ta kewayo, na hagu ya sake cinyewa, ya sake sayo wani.

A shekara ta uku uban ya faɗi a gona, ƙafafunsa ba su ƙara ɗaukarsa ba. Aka kai shi birni, aka ɗauki hoto, ɗan da kansa ya karanta: ƙari ne ya daɗe yana danne jijiya a gadon baya. Da an gane da wuri, da an cire shi.

Uban ya ce, "Kada ka damu, ɗana. Takalmin bana ko tsufa bai yi ba. Ka ba mai ƙafa."

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Tsohon likitan shi ne kowane malami mai tawali'u da Ubangiji yake aiko mana, mu kuwa mu rena shi domin a durƙushe muka same shi. Takalmin shi ne wahalar ɗan'uwanmu, wadda Allah yake ajiyewa a bakin ƙofarmu, mu kuma mu rufe ta da kyauta, mu wuce. Ku matasa masu neman wurin koyo, ina jin tsoro dominku. Kada ku ƙirga benaye. Ku tambaya, a wurin nan wa zai koya mini in sunkuya in duba?