Sarki da Kasaken Iri

An ce wani sarki aka yi a wata ƙasa ta gabas, mai son shuke-shuke ƙwarai, har yakan fi murna da sabon tsiro a kan sabon doki. Wata shekara fatake suka kawo masa tsarabar irin furanni da na kayan lambu waɗanda ba a san su a ƙasarsa ba. Ya sa aka shuka su a kasake, aka jera a tsakar fada inda kowa ke wucewa, ya danƙa renonsu ga mai lambunsa, wani dattijo mai suna Jatau.

Iri ya tsiro, sarki ya yi farin ciki. Ba a jima ba tsiron ya fara ruɓewa daga gindi yana kwanciya, har ya ƙare ƙaf. Fadawa kuwa, da yake ba sa rasa abin faɗi, suka ce ai ba mamaki: sun sha ganin Jatau ya tsuguna, ya tsoma yatsa a ƙasa, ya tashi ya yi tafiyarsa ko ɗigo bai zuba ba. Aka tambaye shi, ya ce gaskiya ne. Bai ƙara komai ba, don mutum ne mai nauyin baki, kuma fada ta yi masa kwarjini. Sarki ya yanke hukunci ya kwashi iyalinsa ya bar garin kafin Juma'a, garin da aka binne cibiyarsa.

Sai aka kai wa sarki tsegumi cewa Jatau na can gidan wani malami, Malam Haladu, yana renon iri da abokansa. Abin ya ƙona wa sarki rai, ya tashi ya tafi da kansa.

Ya tarar da tsofaffi a ƙarƙashin rumfa, wannan na tankaɗe yashi, wancan na murza busasshen taki, ana ta yi wa wani ba'a wai idonsa ya daina bambance irin albasa da garin gawayi. Al'adarsu ce duk ƙarshen damina kowa ya kawo irin da ya adana, su rena a gida ɗaya, in ya isa dashe su raba. Ga kasakensu kore shar, gauta da albasa da alayyafo da furen kallo. Jatau na gefe ya yi jugum. Suka zube suka yi gaisuwa.

Sarki ya ce, "Malam, wa ke shayar da waɗannan?"

Malam Haladu ya ce, "Ya sarki, Allah ya ja zamaninka, wanda ka kora."

"Yaya hannu ɗaya zai raya naku ya kashe nawa?"

"Ya sarki, namu ba su da masoya da yawa."

Sarki ya ce ya warware masa. Malam ya ce, "Mu nan buta ɗaya ce, mai riƙonta ɗaya. Duk son da nake wa gautana, ban isa in taɓa ta ba. Sauran amsar tana fadarka. In ka yarda, a yi shela gobe cewa duk wanda ya taɓa shayar da irin sarki, sarki zai ba shi riga."

Kashegari fada ta cika, har da Malam Haladu da Jatau, aka yi shelar. Waziri ne ya fara miƙewa, ya ce shi kullum da safe yakan juye musu abin da ya rage a shantalinsa. Galadima ya ce shi bayan azahar. Shamaki ya miƙe, sarkin dogarai ya miƙe, har mai riƙe laima bai yarda an bar shi a baya ba. Kowa ya zaɓi lokacin da yake zaton idon sarki zai faɗo kansa.

Sarki ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya tuna shi ma duk la'asar yakan zuba musu da hannunsa, yana jin daɗin yadda ƙasa ke sha. Sai ya dafa ya miƙe tsaye tare da su. Cikin duk masu shiga tsakar fada, Jatau kaɗai ya rage a zaune.

Malam Haladu ya ce, "Ya sarki, kullum Jatau ya tsoma yatsa sai ya ji laka. Alherin da ya rage ya yi wa irinka shi ne ya hana shi ruwa, kuma a kan wannan alherin aka kore shi."

Kunya ta rufe sarki. Ya sauko har inda dattijon yake, ya ce, "Baba Jatau, zauna a garinka, ka kuma yafe mini." Hawaye suka zubo wa Jatau. Rigunan kuwa an raba su, don sarki ba ya saɓa alkawari, amma ba a taɓa ganin wanda ya sa tasa ba.

Kafin fada ta watse sarki ya ce, "Ku riƙe wannan daga bakina: adalcin mai mulki yana farawa ne ranar da ya sa kansa cikin waɗanda ake tuhuma."