Haƙoran da Jatau Bai Wanke Ba

Ku matso ku ji dalilin da ya sa ɗan kwikwiyo ba ya ganin abu ya ƙyale sai ya tauna.

A can da, kare ba shi da haƙori ko ɗaya, sai dai ya lashi kunu. Wani maharbi mai suna Jatau yana da kwikwiyo, kuma ya gaji da ganin zomo na suɓucewa daga bakin karnuka. Sai ya je wurin Iya Kande, tsohuwar da ta iya sassaƙa ƙashi, ya roƙe ta ta yi wa kwikwiyonsa haƙora.

Ta sassaƙa su ƙanana masu tsini, ta binne cikin ƙaiƙayin gero don su bushe. Da za ta ba shi ta ce, "Jatau, ka wanke su sau uku kafin ka dasa."

Ya ce, "To, Iya."

Amma gobe farauta, ga rafi da nisa. Ya hure su kawai, ya dasa a dasashin kwikwiyo, ya tafi kasuwa.

Da ya dawo, a bakin ƙofa ya ƙame. Takalmansa sun zama tsumma. Tabarma saura rabi. An cinye igiyar akuya, akuyar kuma ta yi gaba. Ya leƙa ɗaki, sai ga bakan da ya gada wurin mahaifinsa a ƙasa, tsirkiyar ta tsinke, kwikwiyo na kwance yana gurgurar itacen yana kuka. Ya miƙa hannu zai ɗauki bakan, kwikwiyo ya dasa masa haƙora a yatsa. Jatau ya tsaya yana kallon jini.

Ya ɗaga sanda ke nan Iya Kande ta shigo. Ta buɗe bakin kwikwiyo, ta ga dasashi ya kumbura jawur.

"Ka wanke?"

Ya sunkuyar da kai.

"To ajiye sandar nan. Ƙaiƙayi ke cin sa, kai ka sa masa."

"Iya, a cire su mana."

"Sun kama. Haka 'ya'yansa ma za su taso."

Ta jefa wa kwikwiyon guntun busasshiyar fata. Ya rungume, ya hau tauna, ya daina kuka. Ta ce wa Jatau, "Abin da kake so, rataye shi sama."

Shi ya sa har yau in haƙoran kwikwiyo za su fito, bakinsa ke ƙaiƙayi, ya bi takalmi da yatsun mutane. Kada ku dake shi. Ku ba shi abin tauna, ku ɗauke takalmanku daga ƙasa.